Abin Hannu da Daɗin Zama: Kwatancin Rayuwa a Ƙasashe Biyar na Arewacin Turai

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu kwatanta yadda jama'a suke rayuwa a ƙasashe biyar na arewacin Turai, watau Suwidin da Norwe da Danmak da Finlan da Aislan, domin mu ga ko yawan dukiyar ƙasa shi ne yake yanke hukunci a kan daɗin zaman mutanenta. Sau da yawa idan muna koyar da ɗalibanmu fannin tattalin arziki ko na zamantakewa, mukan jera ƙasashe bisa ga kason da kowane mutum zai samu in an raba arzikin shekara a kan yawan jama'a, sa'an nan mu ɗauka cewa wadda ta fi kaso ita ce ta fi jin daɗi. Waɗannan ƙasashe biyar sun dace a gwada wannan zato a kansu, saboda maƙwabtan juna ne, tarihinsu ya sarƙe da juna, yawancin mutanensu sun tashi cikin ɗariƙar Kiristanci guda, watau ta Luther, tsarin mulkinsu kuwa duk na zaɓe ne. Babban abin da ya raba su shi ne girman dukiya da kuma inda take fitowa.

Ra'ayin da za mu bi a nan shi ne, da zarar ƙasa ta wuce matakin yunwa da rashin matsuguni, to ƙarin dukiya ba ya jawo ƙarin daɗin zama daidai gwargwadonsa. Abin da yake yin tasiri daga nan shi ne yadda ake rarraba dukiyar, da irin hidimar da hukuma take yi wa jama'a, da kuma amanar da take tsakanin mutane da junansu da shugabanninsu. Domin sauƙin bayani za mu yi amfani da kalmomi biyu. Idan muka ce abin hannu, muna nufin kuɗin shiga da gida da abinci da sutura, watau abin da ake iya ƙidayawa. Idan kuwa muka ce daɗin zama, muna nufin lafiya da kwanciyar hankali da zumunci da gamsuwar mutum da halin da yake ciki.

2.0 Ƙasashen da Ɗan Tarihinsu

Suwidin ce ta fi yawan jama'a, tana da wajen mutum miliyan goma da rabi. Danmak tana da kusan miliyan shida, Finlan da Norwe kowace tana da wajen miliyan biyar da rabi, Aislan kuwa tsibiri ne mai mutane wajen 390,000 kacal. Harsunan huɗu daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne, har ma mutumin Oslo da na Stokholm sukan fahimci juna ba tare da tafinta ba. Harshen Finlan ne kaɗai ya fita daban, domin danginsa na kusa shi ne harshen Istoniya. Norwe ta rabu da Suwidin a 1905, Finlan ta sami 'yancin kanta daga Rasha a 1917, Aislan kuwa ta zama jamhuriya a 1944 bayan daɗewa ƙarƙashin sarautar Danmak. A 1952 aka kafa majalisar haɗin kan ƙasashen yankin, Finlan ta shige ta a 1955. Tun daga 1954 aka buɗe wa ma'aikata hanyar neman aiki a ƙasashen juna.

Ya kamata mu tuna cewa wadatar nan ba tsohuwa ba ce. Tsakanin 1866 da 1868 an yi yunwa a Finlan wadda ta kashe mutane sama da 100,000. Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajen 1930 mutanen Suwidin sama da miliyan ɗaya suka yi ƙaura zuwa Amurka saboda talauci, na Norwe ma wajen 800,000 suka bi wannan hanya. Finlan ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu ta rasa wani yanki na ƙasarta, ga kuma diyyar yaƙi da ta biya Tarayyar Sobiyet har zuwa 1952. A ƙarshen shekarun 1960 mutanenta da yawa suka riƙa tsallakawa Suwidin domin aikin masana'antu. Ke nan abin da muke kwatantawa aikin shekara ɗari ne ko ƙasa da haka.

3.0 Ma'aunan da Ake Amfani da Su

Ma'auni na farko shi ne kason kowane mutum daga abin da ƙasa ta samar a shekara. A 2023 kason Norwe ya haura dala 80,000, na Aislan ya kusanci wannan adadi, na Danmak yana wajen dala 68,000, na Suwidin da Finlan kuwa yana tsakanin dala 50,000 da 60,000, Finlan ce a ƙarshe. In da wannan ma'auni kaɗai za a bi, da magana ta ƙare tun nan.

Ma'auni na biyu shi ne na ci gaban ɗan'adam, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1990 bisa aikin Mahbub ul Haq na Pakistan da Amartya Sen na Indiya. Shi yana haɗa abubuwa uku, watau tsawon rai da shekarun karatu da kuɗin shiga. Norwe ta daɗe tana riƙe da matsayi na ɗaya, amma a rahoton 2025 Aislan ce ta zo a gaba, Norwe tana biye da ita, Danmak da Suwidin suna nan kusa, Finlan kuwa tana ɗan baya kaɗan. Tazarar da take tsakaninsu a nan ƙarama ce ƙwarai in an gwama da tazarar kuɗi.

Ma'auni na uku shi ne rahoton gamsuwa da rayuwa na duniya, wanda aka soma bugawa a 2012. Ana roƙon mutum ya ɗauki rayuwarsa kamar tsani mai matakai daga sifiri zuwa goma, ya faɗi matakin da yake ganin yana kai. Danmak ta zo ta ɗaya a 2012 da 2013 da 2016, Norwe a 2017, sa'an nan Finlan ta riƙe matsayin kowace shekara daga 2018 zuwa 2025. A rahoton 2025 Finlan da Danmak da Aislan da Suwidin su ne huɗun farko, Norwe kuwa ta zo ta bakwai. Watau wadda ta fi kuɗi ita ce ta ƙarshe a cikin 'yan'uwanta, wadda ta fi ƙarancin kuɗi ita ce ta farko.

Su kansu malaman yankin sun daɗe da lura da wannan bambanci. Suwidin ta gudanar da binciken matsayin rayuwar jama'arta a 1968. A 1972 kuma masanin zamantakewa na Finlan, Erik Allardt, ya jagoranci bincike a Danmak da Finlan da Norwe da Suwidin, inda ya kasa bukatun ɗan'adam gida uku: abin da mutum ya mallaka, da waɗanda yake ƙauna suke ƙaunarsa, da kuma matsayinsa a cikin al'umma. Rabon da muka yi tsakanin abin hannu da daɗin zama yana kusa da nasa.

4.0 Inda Dukiyar Kowace Ƙasa Take Fitowa

4.1 Norwe. An gano man fetur a filin Ekofisk cikin Tekun Arewa a 1969, aka fara haƙowa a 1971, a 1972 kuma gwamnati ta kafa kamfaninta na mai, Statoil, wanda aka sauya wa suna zuwa Equinor a 2018. Harajin da ake ɗora wa ribar mai ya kai kashi 78 cikin ɗari. A 1990 majalisa ta kafa asusun ajiyar kuɗin mai, aka zuba kuɗi na farko a 1996. Duk kuɗin ana juya su ne a ƙasashen waje, domin kada su cika kasuwar gida su tayar da farashi. A 2001 aka ƙa'ida cewa gwamnati ba za ta riƙa cin fiye da kashi 4 cikin ɗari na asusun a shekara ba, a 2017 aka rage zuwa kashi 3. A 2024 asusun ya haura kroner biliyan 20,000, watau fiye da kroner miliyan uku ga kowane ɗan ƙasa. Wannan shi ne dalilin da ya sa babban kason da muka ambata ba ya shiga aljihun magidanci gaba ɗaya. Idan aka duba abin da iyalai suke ci da sha da sawa a zahiri, fifikon Norwe a kan maƙwabtanta yana raguwa sosai.

4.2 Suwidin. Arzikinta ya taso daga ƙarfe da katako da masana'antu irin su Volvo da Ericsson da IKEA. Ba ta shiga yaƙe-yaƙen duniya biyu ba, saboda haka masana'antunta suka fito lafiya a 1945 lokacin da sauran Turai take bukatar kaya. A farkon shekarun 1990 bankunanta suka shiga rikici, har a watan Satumba na 1992 babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 500 cikin ɗari na ɗan lokaci domin kare kuɗin ƙasar. Bayan wannan ne aka yi gyare-gyare da yawa a tsarin fansho da kasafin kuɗi.

4.3 Danmak. Ita ƙasar noma ce tun asali. A 1882 manoman Hjedding suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta farko ta sarrafa madara, wannan tsari ya bazu har ƙananan manoma suka sami hanyar sayar da man shanu a Ingila. A yau tana taƙama da jiragen ruwa na Maersk da magungunan Novo Nordisk da injinan iska na Vestas, fiye da rabin wutar lantarkin da take samarwa daga iska yake fitowa.

4.4 Finlan. Daji ne jarinta na farko, watau katako da takarda, daga baya injina da kayan sadarwa. Rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta tafi da babbar kasuwarta, har rashin aikin yi ya kai wajen mutum ɗaya cikin shida. Kamfanin Nokia ya taimaka ta farfaɗo, amma shi ma ya sayar da sashensa na wayar hannu ga Microsoft a 2014. Tun bayan 2008 tattalin arzikinta yake tafiyar hawainiya.

4.5 Aislan. Kifi ne ya ɗaga ta, shi ya sa ta yi ta jayayya da Birtaniya a kan iyakar ruwa daga 1958 zuwa 1976, har ta tabbatar da mil 200. Ruwan zafi da yake fitowa daga ƙarƙashin ƙasa shi yake ɗumama wajen gidaje tara cikin goma. A watan Oktoba na 2008 manyan bankunanta uku suka durƙushe cikin mako guda, ta nemi rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, daga baya baƙi masu yawon buɗe ido suka zama babbar hanyar samun kuɗinta.

Wani abin lura kuma shi ne tsada. Aislan da Norwe da Danmak suna cikin ƙasashen da kaya suka fi tsada a Turai. Mutanen Norwe sukan tsallaka garin Strömstad na Suwidin domin sayen nama da kayan masarufi, na Helsinki kuwa sukan hau jirgin ruwa zuwa Tallinn. Saboda haka albashi mai tsoka a Oslo ba ya sayen abin da adadinsa yake nunawa.

5.0 Abin da Ya Haɗa Su: Haraji da Hidima

Duk da bambancin tushen dukiya, ƙasashen biyar sun yi tarayya a kan tsari ɗaya, watau a karɓi haraji mai yawa daga kowa, sa'an nan a yi wa kowa hidima, mai kuɗi da talaka. A Danmak haraji yakan kai wajen kashi 45 cikin ɗari na abin da ƙasa ta samar, a Suwidin da Finlan da Norwe yana wajen kashi 40 ko sama kaɗan, a Aislan kuwa ya ɗan yi ƙasa. Harajin sayen kaya kashi 25 ne a Danmak da Suwidin da Norwe, kashi 24 a Aislan, Finlan kuma ta ɗaga nata zuwa 25.5 a 2024. Wannan yana nuna cewa matsakaicin ma'aikaci ne yake ɗauke da mafi yawan nauyin, kuma shi ne yake cin moriyar.

Ta fuskar ilimi, karatu kyauta ne ga 'yan ƙasa daga firamare har jami'a, sai 'yar kuɗin rajista a Aislan. Danmak ma tana biyan ɗalibin jami'a alawus kowane wata. Finlan ta fara ciyar da dukkan 'yan makaranta kyauta a 1948, tsakanin 1972 da 1977 kuma ta haɗe makarantunta suka zama tsari ɗaya na shekara tara ga kowane yaro. Ga ɗalibanmu masu sha'awar zuwa can, ya kamata a san cewa an sa wa baƙi daga wajen Turai kuɗin makaranta a Danmak a 2006, a Suwidin a 2011, a Finlan a 2017, a Norwe kuma a 2023.

Ta fuskar iyali, Suwidin ce ta fara ba uba damar ɗaukar hutun haihuwa a 1974, yanzu kuma iyaye biyu suna raba kwana 480. Norwe ta keɓe wa uba nasa kaso a 1993, iyaye suna iya samun mako 49 da cikakken albashi. Finlan tana ba mai ciki akwatin kayan jariri tun 1938, a 1949 aka mayar da shi na kowa, bisa sharaɗin mace ta je awon ciki. Waɗannan tsare-tsare, tare da gidajen renon yara masu rahusa, su suka sa mata da yawa suke aiki, wanda kuma yake ƙara yawan masu biyan haraji. Matan Finlan sun sami 'yancin zaɓe tun 1906. A Aislan mata suka yi yajin aiki na yini ɗaya ranar 24 ga Oktoba, 1975, bayan shekara biyar aka zaɓi Vigdís Finnbogadóttir shugabar ƙasa.

Ta fuskar aiki, babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da take da dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyoyin ƙwadago da na masu masana'antu ne suke zama su daidaita, al'adar da ta faro a Danmak da yarjejeniyar 1899, a Suwidin kuma da ta Saltsjöbaden a 1938. Sakamakon haka tazarar albashi tsakanin injiniya da mai shara ba ta kai ta Amurka ko Ingila ba.

6.0 Inda Suka Bambanta

6.1 Tsawon rai. Mutanen Suwidin da Norwe da Aislan sukan kai wajen shekara 83, na Finlan da Danmak kuwa suna baya da shekara ɗaya ko biyu. Danmak ta fi Suwidin kuɗi, amma mutanenta sun fi saurin mutuwa, masana kiwon lafiya kuma sun danganta wannan da taba da barasa. A sauran ƙasashe huɗun shagunan gwamnati ne suke sayar da barasa mai ƙarfi, a Danmak kuwa kowane kanti yana sayarwa. Finlan ta nuna cewa ana iya gyara irin wannan, domin shirin da aka fara a lardin Karelia ta Arewa a 1972 ƙarƙashin likita Pekka Puska, na rage taba da gishiri da kitse, ya rage mutuwar maza masu shekarun aiki daga ciwon zuciya da fiye da kashi 80 cikin ɗari cikin shekara arba'in.

6.2 Aikin yi. A Danmak korar ma'aikaci ba ta da wuya, amma wanda ya rasa aiki yana samun alawus har shekara biyu tare da horo da taimakon neman wani, shi ya sa rashin aiki bai cika yawa ba. Norwe da Aislan ma suna da ƙarancin marasa aiki. A Suwidin kuwa adadin yana wajen kashi 8 cikin ɗari, a Finlan ya kusanci kashi 10 a 2025.

6.3 Gida da bashi. Suwidin ta gina gidaje miliyan ɗaya tsakanin 1965 da 1974, amma duk da haka mai neman hayar gida ta layin hukuma a Stokholm yakan jira shekaru masu yawa. Iyalan Danmak da Norwe suna cikin waɗanda suka fi bashin gida a Turai. Finlan ta fara wani shiri a 2008 na ba marar matsuguni gida tun farko kafin a nemi ya gyara halinsa, wanda ya rage masu kwana a waje sosai.

6.4 Tarin dukiya da zaman baƙi. Albashi yana kusa da juna a Suwidin, amma tarin dukiya ya taru a hannun 'yan kaɗan, musamman bayan soke harajin gado a 2005 da na dukiya a 2007. Wajen mutum ɗaya cikin biyar na mazaunanta a waje aka haife shi, a 2015 kaɗai masu neman mafaka wajen 163,000 suka shigo. Da yawa daga cikinsu sun tare a unguwannin bayan gari inda aiki ya yi ƙaranci, harbe-harben gungun matasa kuma ya zama babbar damuwa. Danmak ta bi hanyar tsaurara dokokin shigowa. Wannan yana tunatar da mu cewa matsakaicin adadi yana ɓoye halin baƙo, wanda rayuwarsa ba lalle ta yi daidai da ta ɗan gida ba.

6.5 Yanayi. A watan Disamba rana takan yi wajen awa bakwai a Kopenhagen, shida a Helsinki, huɗu a Reykjavik, a garin Tromsø na Norwe kuwa ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Aislan tana da nata haɗarin, domin a Nuwamba na 2023 aka kwashe mutanen garin Grindavík saboda barazanar aman wutar dutse. Babu ma'aunin kuɗi da yake ƙidaya waɗannan.

7.0 Batun Amana

To, me ya sa Finlan, mai ƙarancin kuɗi da yawan marasa aiki da dogon duhu, ta riƙe matsayi na ɗaya shekara takwas a jere? Da farko dai tambayar tsani ba ta auna fara'a ko dariya, gamsuwa take aunawa. Abin da yake ɗaga adadin Finlan shi ne ƙarancin waɗanda suke sa kansu a matakan ƙasa, domin mutum ya san in ya yi ciwo ko ya rasa aiki ko ya tsufa ba zai tagayyara ba.

Na biyu kuma shi ne amana. A binciken ra'ayin jama'a, fiye da kashi 60 cikin ɗari a kowace ƙasa daga cikin biyar ɗin sukan ce ana iya amincewa da yawancin mutane. A jerin ƙasashen da cin hanci ya fi ƙaranci na 2023 da 2024, Danmak ce ta ɗaya, Finlan ta biyu. Wannan amana tana da tushe a doka. Suwidin ta yi dokar 'yancin buga littattafai da ganin takardun hukuma tun 1766, lokacin Finlan tana ƙarƙashinta, a 1809 kuma ta kafa ofishin mai sauraron ƙorafin jama'a a kan ma'aikatan gwamnati. A Norwe da Suwidin da Finlan ana iya duba harajin da mutum ya biya. Mai biyan haraji yana ganin inda kuɗinsa suka tafi, shi ya sa yake yarda ya sake biya.

Sai dai kada mu wuce gona da iri. Finlan ta taɓa kasancewa cikin ƙasashen da kisan kai ya fi yawa a Turai, ko da yake adadin ya ragu da wajen rabi tun 1990. Sakamakon ɗalibanta a jarrabawar ƙasa da ƙasa, wanda ya ba duniya mamaki a 2000, ya yi ƙasa sosai a 2022. Haihuwa ta ragu a duk yankin, a Finlan ta faɗi ƙasa da 1.3 ga kowace mace, alhali tsofaffi suna ƙaruwa. Wannan ne ya sa majalisar Danmak ta amince a 2025 cewa shekarun ritaya za su kai 70 a 2040. Tsarin da ya dogara da yawan masu aiki yana cikin gwaji.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa Norwe ta fi kuɗi da ajiya, Aislan ta fi a ma'aunin ci gaban ɗan'adam na 2025, Suwidin tana cikin masu tsawon rai amma tana fama da rashin aiki da rarrabuwar unguwanni, Danmak ta fi sauƙin sauya aiki amma rayuwar mutanenta ba ta kai ta mutanen Suwidin tsawo ba, Finlan kuwa ta fi gamsuwa duk da ƙarancin abin hannu. Babu wadda ta cinye duka. Tazarar dala dubu talatin tsakanin kason Norwe da na Finlan ba ta haifar da tazara makamanciyarta a lafiya ko ilimi ko kwanciyar hankali ba, saboda abubuwan da suke riƙe da waɗannan, watau makaranta da asibiti da alawus da amana, duk biyar ɗin suna da su.

Ga mu da muke ƙasar mai akwai abin dubawa a nan. An gano mai a Oloibiri a 1956, shekara goma sha uku kafin Ekofisk. Norwe ta riga ta kafa tsarin haraji da ma'aikatan gwamnati masu riƙon amana kafin man ya zo, sa'an nan jama'arta ba su kai miliyan shida ba, saboda haka ba a kwafe tsarinta a ɗora wa ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari biyu. Abin da muke ba da shawara a kai ya fi wannan sauƙi, watau idan muna koyar da kwatancin ƙasashe, ko muna bincike a kan jihohinmu, mu daina tsayawa a kan kason kuɗi kaɗai. Mu haɗa da tsawon rai da shekarun karatu da halin marasa aiki da kuma abin da mutanen suka faɗa da bakinsu game da rayuwarsu. Muna fata mahalarta wannan taro za su tattauna yadda za a tsara irin waɗannan tambayoyi cikin harshen Hausa, domin binciken da za a yi a garuruwanmu da ƙauyukanmu.